Jirgin da Kawu Tetsuro Ya Ɗura wa Dalma

Kun taɓa ganin jirgin yaƙi ya zauna da gindi, ya ɗaga hanci sama kamar kare mai jiran a jefa masa ƙashi? Ni na gani, a kan teburin cin abincin kawuna, shi kuma kawun nawa yana tsaye a gefe, hannu a ƙugu, yana jiran mu tafa masa.

Bari in faro daga kwalaye. A nan Shizuoka, a ƙasar Japan, babu layin da za ka rasa dattijon da ya tara kwalayen samfurin jirage da motoci na roba, yana cewa sai ya yi ritaya zai zauna ya haɗa su. Marigayi Kuwabara Shozo ya fi kowa. Ɗaki guda ya cika daga tabarma har rufi, ya kuma rasu bai haɗa ko kaɗan daga ciki ba. Ɗansa Noboru, wanda ke aiki a Tokyo, ya ce tarkace ne, zai kira motar masu kwashe kaya a huta.

Ni kuwa, Kanae, da na dawo gida bana da digirina na injiniya, tun ranar da na leƙa ɗakin nan na kasa zama wuri ɗaya. Akwai wani shagon takalma da aka rufe a layin kasuwarmu, mai shi ya ce in ina so in share in shiga. Na gama tsara komai a kaina: dogayen tebura, fitila a kan kowace kujera, yara bayan an tashi makaranta, tsofaffi da hantsi, gasa duk ƙarshen wata, taga cike da jirage. Har tambarin shagon na zana. Kwalaye kawai nake nema.

Sai ga matar marigayin ta hawo benen zauren unguwa, inda ƙungiyarmu ta masu haɗa samfuri ke taruwa, da kwali ɗaya naɗe a ƙyalle. Ta kwance shi a kan tebur. Messerschmitt 262 ne, jirgin Jamus na ƙarshen yaƙin duniya, mai inji biyu a ƙarƙashin fikafikai da taya ɗaya a ƙarƙashin hanci. Babba ne, kwalin ya yi jaja-jaja don tsufa.

Ta ce, "Wannan ya fi so. Duk sabuwar shekara sai ya sauko da shi, ya buɗe, ya shinshina, ya mayar. Kamfanin da ya yi shi ya rufe tun Noboru na goye, babu wani irinsa. In ƙungiyarku ta haɗa shi, ya tsaya da ƙafafunsa a gaban hoton maigidan ranar addu'ar cikarsa shekara biyu, ɗakin naku ne. In ba haka ba, Noboru ya kira motarsa."

Ban gama buɗe baki ba wani hannu mai gashi ya sauka a kan kwalin.

Warashina Tetsuro ƙanen mahaifiyata ne. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa motar da ke kai irin waɗannan kwalaye daga ma'ajiya zuwa shaguna, daga nan ya yanke wa kansa hukuncin cewa roba a jininsa take. Yana yawo da gilashin ƙara girman abu ɗaure a goshi ko da tofu, wato awara, zai je saya. Ya tilasta wa 'yan ƙungiya su riƙa ce masa Sensei, wato malam. Duk Shizuoka babu mai rai da ya taɓa ganin abu ɗaya da ya haɗa har ƙarshe.

Ya ce, "Kuwabara-san, ki je ki kwanta. Wannan jirgin ni yake jira. Ni da na ɗauki dubunsa a kafaɗa?"

Na kalli shugabanmu, tsoho Unno. Shi ma ya kalli sauran. Kawu ya riga kowa shiga ƙungiyar, kuma a wurinmu ba a ce wa na gaba a'a a bainar jama'a. Sai Unno-san ya karkata kai, ya tsotsi iska ta haƙora, ya ce, "Sensei, aikin fa da ɗan wuya."

Duk ɗan garin nan ya san me wannan ke nufi. Ban da Kawu.

"Shi ya sa ba zan bar muku shi ba," in ji shi. Ya sa kwalin a hammata.

Na bi shi har matakala. "Kawu, ka bari mu yi tare mana. Na iya..."

"Injiniya, ke dai ki tanadi waya. Za ki so ki ɗauki hoto."

Washegari na je gidansa na tarar ya ƙwace teburin cin abinci. Matarsa, Gwaggo Fumie, tana cin shinkafarta a tsaye jikin firij. Takardar umarnin da ke cikin kwalin, wadda ta nuna abin da za a fara mannewa da abin da zai biyo, tana ƙarƙashin kofin shayinsa, ta jiƙe shar.

Na ce, "Kawu, takardar!"

"Ta yara ce. Wanda ya san hanya ba ya tsayawa karanta allon titi."

Gwaggo ta ce, "Shi ya sa muka kwana a mota ranar da za mu Hamamatsu."

"Fumie, ana aikin maza."

"Ina gani. Jiya ma aikin maza ne ya manne maka yatsa da cokali."

Ya riga ya haɗe gangar jikin jirgin, rabi da rabi, ya shafe bakin da gam kamar mai shafa wa burodi man shanu. Gilashin da ke rufe mazaunin matuƙi kuwa, da gam mai kama nan take ya liƙa shi, wanda kowane ɗan firamare a garin nan ya san hucinsa na dusasar da roba mai haske. Gilashin ya yi fari fat.

Na nuna masa. Ya sauko da gilashin goshinsa, ya duba, ya mayar.

"Ƙanƙara ce," in ji shi. "Kin san sanyin da ake yi a sararin Jamus?"

"To wannan shatin babban yatsan da ke kan fiffike fa?"

"Sa hannun mai sana'a."

Fenti ya biyo baya. Gwaggo ta ce in ya fesa mata abin nan mai wari a cikin gida za ta koma gidan yayarta, sai ya fita baranda. Ranar ana iska daga teku. Gidan da ke manne da nasu na Iwabuchi ne, mai yin tofu, wanda ke shanya fararen rigunan aikinsa da ƙyallayen tace waken suya a kan igiya kullum da rana. Kawu ya girgiza gwangwanin koren fenti, ya miƙa hannu kamar mai ba makaɗa umarni, ya danna.

Ina ƙasa ina ɗaure kekena na ji ihu.

"Warashina! Kai, Warashina! Fito nan!"

Iwabuchi ya tsaya a titi riƙe da riga mai ɗigo-ɗigon kore. Maƙwabta suka fara buɗe tagogi.

Kawu ya leƙo. "Iwabuchi-san, lafiya? Ina tsakiyar aiki mai muhimmanci."

"Dubi rigata! Dubi ƙyallayena! Da me zan tace tofun gobe?"

"Ai kuwa launin ya fita. Ka san sojan Jamus sai da suka sha wuya kafin su sami wannan koren?"

"Ni tofu nake sayarwa, ba yaƙi zan tafi ba!"

"To ka ce sabon samfuri ne, mai ganyen shayi. Mutanen Tokyo za su yi layi."

Wata tsohuwa daga tagar sama ta ce, "Sensei, saura katifata, in miƙo?"

Titi ya ɗauki dariya. Gwaggo Fumie ce ta sauko ta yi ta sunkuyawa tana ba da haƙuri, ta kwashe kayan ta tafi wankewa. Rabin fentin na jikin rigunan Iwabuchi, rabi na jikin bangon baranda. Abin da ya sami jirgin kansa ya taru wuri ɗaya ya gangaro kamar majina. Kawu ya ce haka jiragen ƙarshen yaƙi suke, a gaggauce ake fentinsu.

Da ya liƙa tayoyi sai ya kira mu kallo: ni, da Unno-san, da Iwabuchi wanda ya ce ba zai bari wannan ta wuce shi ba. An rufe jirgin da tawul. Kawu ya yi gyaran murya, ya yi jawabi a kan haƙuri da ƙwarewa, ya fizge tawul ɗin.

Jirgin ya tsaya kamar na ƙiftawar ido. Sai ya yi baya a hankali, ɗas, wutsiya ta taɓa tebur, tayar gaba ta rataye a iska.

Kawu ya danna hancin da yatsa. Ya saki. Ɗas.

Ya sake dannawa. Ɗas.

Iwabuchi ya ce, "Ya gaji ne? Ko a kawo masa matashi?"

"Tashi zai yi," in ji Kawu. "Haka suke ɗaga hanci in za su bar ƙasa."

"Ai matar ta ce ya tsaya, ba ta ce ya tashi ba."

Na ce, "Kawu, irin wannan jirgin mai taya a gaba, nauyinsa a baya yake. Sai an sa masa ƙarfe a cikin hanci kafin a rufe gangar jikin. Yana cikin takardar, shafin farko, har da zane."

"Wace takarda?"

Gwaggo daga kicin ta ce, "Wadda na naɗe kan kifi da ita."

Unno-san ya rufe ido kamar mai ciwon haƙori.

Ni dai ɗakin kwalayen nake gani yana tafiya a bayan mota, don haka na shiga zubo dabaru. Na ce a sa ɗan siririn sanda mai haske a ƙarƙashin wutsiya, ba mai lura. Na ce ko a manne tayoyin a kan faranti na katako, a yi masa filin jirgi da ciyawar roba. Na ce ko a ɗora ɗan mutum-mutumin makaniki a bayansa yana tallafe da shi, kamar yana gyara. Na ce akwai ƙaramin maganaɗisu a ɗakina, in an ɓoye ɗaya a tayar gaba ɗaya a ƙarƙashin faranti...

Kawu ya ɗaga hannu. "Sanda? Jirgin da ya fi kowane jirgi gudu a zamaninsa, ki ba shi sandar dogarawa kamar kakarki? Wannan shi ne bokon da uwarki ta biya?"

"To faranti fa?"

"Ha'inci ne. Jirgina da ƙafarsa zai tsaya."

Ya tafi shagon kayan kamun kifi da ke bakin tashar ruwa, ya dawo da leda cike da ƙwallayen dalma, irin waɗanda ake ɗaura wa fatsa don ta nutse. Ya ɗauko abin huda bango na lantarki, ya huda hancin jirgin daga ƙasa. Ramin ya fi abin da ya yi niyya sau biyu. Ya dinga tura dalma ciki da tsinken cin abinci, yana gwadawa. Jirgin ya sauko, ya tsaya. A nan ne mai hankali zai ajiye tsinke. Kawu ya ce a ƙara, don kada a ce ya yi rowa. Sai ƙwallayen suka riƙa gangarawa baya duk sanda aka ɗaga jirgin, suna ƙara kamar caki.

"Yanzu kuma abin rarrashin jarirai ne," in ji Gwaggo.

Don ya tsayar da su, ya ɗauko ƙullun nan mai wari da ake cike tsaga da shi, ya sirka da tina, ruwan nan na sirka fenti, har ya yi ruwa-ruwa, ya ɗura a ramin ya cika fal.

Na ce, "Kawu, tina na cin roba! Kaɗan ake shafawa a waje, inda zai sha iska. In ka rufe shi a ciki ba zai bushe ba, narka hancin zai yi ta yi a hankali."

"Ba zai bushe ba?" Ya yi murmushin tausayi. "Injiniya, abin da bai bushe ba ɗumi yake so."

Ya toshe ramin, ya ɗora jirgin a kan murfin tukunyar dafa shinkafa ta lantarki, ya tafi kallon wasan ƙwallo. Da ya dawo, fiffiken da ke saitin inda tururi ke fita ya lanƙwashe ƙasa kamar kunnen zomo. Me kuke tsammani ya yi? Ya juya jirgin, ya sake kunna tukunyar, don ɗaya fiffiken ya yi daidai da ɗan'uwansa.

Shinkafar ranar, in ji Gwaggo, ko kyanwa ta ƙi ta.

Na je wurin Unno-san na roƙe shi ya karɓe jirgin ko da abin da ya rage ne mu ceta. Ya ce zai yi tunani. Na koma, ya ce yana kan tunanin. Na tsaya a ƙofar Kawu na ce ya ba ni shi kwana ɗaya tak, ya ce in tafi in nemi miji.

Ranar addu'a ta zo da zafi irin na tsakiyar bazara, ƙwari na ta ƙara a bishiyoyi. Kawu ya sa baƙar kwat, da gilashinsa a goshi. Ya ƙi sa jirgin a kwali, wai kada fenti ya goge. Ya ɗora shi a gaban mota, ƙarƙashin gilashi, rana na dukansa, ya kuma tsaya a hanya ya nuna wa mai gidan mai. Da muka isa gidan Kuwabara, na taɓa hancin da ɗan yatsa a ɓoye. Ya lotsa kamar dafaffen dankali.

Ɗakin ya cika. Dangin marigayi a gaba, 'yan ƙungiya a baya, Iwabuchi a bakin ƙofa, kowa ya durƙusa ya zauna a kan dugadugansa yadda ake yi. Kawu ya ratsa mutane riƙe da jirgin sama da kai, ya ajiye shi a kan ɗan teburin da ke gaban hoton marigayin, kusa da kyandir da kaskon turare. Ya janye hannu a hankali.

Ya tsaya. Da ƙafa uku.

Kawu ya waiga ya kalle ni, ya ɗaga gira. Matar marigayin ta daɗe tana duban farin gilashin, da fikafikan da suka sunkuya, da fentin da ya gangaro. Noboru ya ce a hankali, "Inna, wannan ne?" Ta ce, "Ya dai tsaya."

Kawu bai koma baya cikinmu ba. Ya durƙusa a sahun gaba, kafaɗa da kafaɗa da ɗan marigayin, ƙirji a waje.

Malamin haikali ya zauna, ya gyara rigarsa, ya fara karatu yana buga 'yar gangarsa ta katako. Ƙwal, ƙwal, ƙwal, ƙwal. Gangar na kan tabarma ɗaya da teburin. Ni idona na kan tayar gaba. Da kowane bugu sai ƙafar tayar ta ƙara nutsewa cikin hancin kaɗan, kamar tsinke a cikin tuwo. Ƙwal, ƙwal, ƙwal. Hancin ya fara sunkuyowa.

Karatun ya yi tsawo. Jirgin ya ci gaba da duƙawa.

Wata tsohuwa, yayar marigayin, ta dafa ƙirji ta ce da ƙarfi, don ba ta ji sosai, "Ku duba, yana gaishe da Shozo!"

Kowa ya juyo. Kawu, maimakon ya yi shiru, sai ya sunkuya gefenta ya ce yadda kowa zai ji, "Haka na tsara shi, Baba. Sirrin sana'a ne."

Bai rufe baki ba hancin ya tsage.

Wani abu toka-toka mai wari ya fara ɗiga, sai ga ƙwallayen dalma na fitowa ɗaya bayan ɗaya, suna faɗowa daga tebur suna gangarawa a kan tabarma. Ɗaya ta shige ƙarƙashin rigar malamin. Ɗaya ta yi tsalle ta faɗa cikin kwanon tagulla da ake bugawa in an kai gaɓar sunkuyawa. Tinnnn! Mutanen baya, da ba su ga abin da ke faruwa ba, suka haɗa tafin hannu suka sunkuya gaba ɗaya. Malamin ya buɗe ido ɗaya, ya dubi kwanon da bai buga ba, ya ci gaba da karatu da wata irin murya.

Da nauyin ya ƙare, jirgin ya tuna halinsa. Ya yi baya da ƙarfi, wutsiya ta daki tebur, farin gilashin ya ɓalle ya faɗa cikin tokar turare.

"Kada kowa ya taɓa!" in ji Kawu. "Ni zan gyara!"

Ya zabura zai miƙe. Ya manta cewa tun farkon karatu yake zaune a kan ƙafafunsa, shi da ko a gidansa kujera yake hawa. Ƙafafun sun mutu murus. Ya tashi rabi, gwiwa ta ƙi, ya yi taga-taga, ya kamo kafaɗar Noboru, ya kuɓuce, ya juya kamar buhu, ya zauna daram a kan teburin.

Ƙarar da jirgin ya yi a ƙarƙashinsa ba ta da yawa. Kamar an taka ƙwai.

Malamin ya daina buga ganga. Taya ɗaya ta gangaro ta tsaya a gaban gwiwar matar marigayin.

Daga bakin ƙofa Iwabuchi ya ce, "To, ya sauka lafiya."

Wani ya fashe da dariya ya mayar da ita tari. Gwaggo Fumie ta rufe fuska da mayanin hannu, kafaɗunta na rawa, har yau ban san ko kuka take ba. Kawu na zaune a inda yake, inji ɗaya manne da bayan wandonsa.

Ya ce, "Robar zamanin da ce. Ta tsufa. Da ma na lura tun ranar farko, ban dai so in tayar wa kowa da hankali ba."

Matar marigayin ta ɗauki tayar, ta juya ta a tafin hannu. Ta ce, "Warashina-san, maigidana ya yi shekaru yana tsoron buɗe ledar nan don kada ya ɓata ta. Ashe da ya sani ya kira ka tun farko, ya huta da fargaba."

"Kuwabara-san, in kika ba ni wani kwalin..."

"Sauka daga teburin mijina."

Sai da mutum biyu suka ɗaga shi.

Bayan an kammala an ci abinci, Noboru ya fita baranda da waya a kunne. Na bi mahaifiyarsa kicin, na durƙusa, na faɗa mata zancen shagon takalma, da tebura, da yara, da tsofaffi. Ina magana ina haɗa kalmomi don sauri. Ta saurara tana goge kofuna.

Ta ce, "Kanae-chan, ƙungiyarku ba za ta ga ko murfin kwali ba. Maza cike da ɗaki suka zauna suna kallo ya ɗauke shi, babu wanda ya iya buɗe baki. Su zan ba ɗakin Shozo?"

"Amma in mota ta kwashe, niƙe su za a yi."

Ta ajiye kofin. Sannan ta ce, "Motar sai Litinin. Kafin nan, duk wanda ya zo da ƙafarsa, ya gaishe da hoton maigida, ya ɗauki kwali ɗaya. Ɗaya, ba biyu ba. Inda ya kai shi ba ruwana. Ban da kawunki."

Na ce, "Ko da duk wuri ɗaya suka kai su?"

"Na ce ba ruwana."

Kawu ya riga ya gwada sa'arsa jiya, da takunkumi a fuska da hular ranar Gwaggo. Yayar marigayin, wadda ba ta ji kuma ba ta gani sosai, ita ta gane shi tun daga ƙofa, wai da warin tina. Yanzu yana zaga layin kasuwa yana gaya wa mutane cewa shi zai zama babban malami a shagona. Na canza kwaɗon ƙofa.

To, ga inda nake buƙatarku. Kwalayen nan sun fi ƙarfin hannun 'yan unguwarmu, kuma duk kwalin da ya kwana a ɗakin nan ranar Lahadi ya tafi ke nan. Gidan Kuwabara na bayan gidan wanka na unguwa, mai baƙar ƙofa da bishiyar lemo. Ku zo Asabar ko Lahadi, ku cire takalmi, ku sunkuya wa hoton, ku ɗauki kwali ɗaya, ku miƙe da shi zuwa tsohon shagon takalma da ke kusa da mai tofu. Ina nan a ƙofa da tsintsiya. Ku taho da ƙannenku, da surukanku, da maƙwabcin da ba ku ga-maciji da shi, tunda kowane mutum kwali guda ne. Don girman iyayenku, ku zo kafin motar Noboru ta riga ku.